Kitson da Ake Cirewa a Adana: Hular Gashi a Tsohuwar Masar

Duk macen da ta taɓa wuni a gaban makitsiya, kai a kife, wuya ya sage, ana jan gashi tana cije leɓe, za ta so jin dabarar matan manya a Masar ta zamanin Fir'aunoni. Su babban kitsonsu ba a kansu ake yi ba. Masu sana'a ne ke zama su kitsa shi a can wurin aikinsu, su gama tsaf su kawo, uwargida ta ɗora kamar hula. In taro ya watse ta cire ta mayar akwati. Mazan ma ba a bar su a baya ba, kai, sau da yawa hular namiji ta fi ta mace tsari da ƙawa.

Zafin rana da kwarkwata suna cikin abin da ya kai su ga haka. Da yawa sukan rage suma ko su aske ta ƙwalƙwal, to amma tsiraicin kai a ranar Masar azaba ce. Hular gashi ta raba gardama: tana tare rana, ragar da ke ƙarƙashinta tana barin iska ta ratsa, kwarkwata kuwa ba ta samun wurin zama a abin da ake cirewa. Herodotus, marubucin nan na Girka, ya ba da labarin cewa masu hidimar ɗakunan bautarsu sukan aske jikinsu kaf bayan kowane kwana biyu saboda tsabta. Yara kuma akan aske musu kai a bar musu kitso ƙwaya ɗaya a gefe, abin da duk wanda ya san tukku da zanko ba zai ga baƙonsa ba.

Aikin kansa shi ne abin kallo. Da farko a tara gashin mutum, a wanke, a taje, a rarraba shi sili-sili. Sai a kitsa wasu siraran igiyoyi da gashin, a saƙa su su zama raga daidai girman kai. A jikin wannan raga ake ɗaura sauran. Mai aiki zai ɗauki tufka guda, ya zura ta cikin idon raga, ya lanƙwaso bakinta, ya naɗe da 'yan silin gashi, sannan ya shafe ɗaurin da kakin zuma da aka narka da ƙaro. Da ya huce ya kama ke nan. Kakin zuma ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 60, saboda haka ko ranar hamada ba ta kwance shi. Akwai wata hular namiji daga Tebes, wato Luksor ta yanzu, da ke ajiye a gidan tarihin Birtaniya a Landan. Masanin da ya duba ta ya ƙiyasta tufka kusan 300 a jikinta, kowace ɗauke da silin gashi wajen 400. Samanta a nannaɗe yake, ƙasanta kuwa siraran kitso ne rututu masu kama da ƙananan kalaba, suna zuba wajen kafaɗa. A lissafa a ga haƙurin da ke ciki. Ni dai ban ga makitsiyar da za ta karɓi wannan aiki ba tare da ta fara tambayar kwana nawa aka ba ta ba.

Shi ya sa abin ya zama na masu hali. A wani tsohon lissafin kaya da aka samu a garin Kahun, an jera gashi ne tare da zinariya da turare. Wanda ƙarfinsa bai kai hula ba sai ya yi ƙari a nasa gashin, kuma wannan dabarar ta ma girme wa hular: a garin Hirakonpolis an tono wata mata da ƙarin gashi tun wajen shekara 3,400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A Amarna, birnin da Fir'auna Akhenaten ya gina, an sami wata da aka binne da ƙari kusan 70 a kanta, hawa-hawa. Manyan ma sukan yi 'yar dabara. Wasu ƙatta-ƙattan hulunan biki na masu hidimar bauta da ke gidan tarihin Alƙahira, waje gashi ne, amma ciki an cusa zare-zaren bishiyar dabino don su yi tudu, kamar dai yadda kakanninmu mata ke sa tsumma a ƙarƙashin doka.

Gyaran kai aiki ne mai daraja a fada, har akwai masu riƙe da muƙaminsa. A jikin akwatin dutsen da aka binne Kawit, ɗaya daga cikin matan fadar Fir'auna Mentuhotep na biyu, an sassaƙa ta zaune a kujera, madubi a hannu ɗaya, ƙoƙo a ɗaya tana kai wa baki, baiwa a bayanta tana gyara mata kai. Mai sassaƙar bai manta da tsinken da aka soke wata tufka da shi don kada ta shiga hanya ba. Hoton ya haura shekara 4,000, amma in ka cire kujerar ka shimfiɗa tabarma, tsakar gida ce ranar jajiberin salla.

Da yake sun yi imani mutum zai buƙaci kayan adonsa bayan mutuwa, tare da hular ake binne su. A 1906 Ernesto Schiaparelli, ɗan Italiya, ya buɗe kabarin Kha, wani shugaban magina a Deir el-Medina, da matarsa Merit, ya tarar ɓarayi ba su taɓa shi ba. Cikin kayan Merit akwai dogon akwatin itace, a cikinsa hularta ce ta gashin mutum, mai tsaga a tsakiya, gashin ya zubo har kafaɗa, kusa da kayan kwalliyarta su mataji da tsinkuna da aska. Merit ta rasu wajen shekara 3,400 da suka wuce. Hular tana gidan tarihin Masar da ke birnin Turin na Italiya, kuma har yau ba ta warware ba.