Fanel Ne Ya Mutu, ko Wuta da Ruwa Ne Suka Gaza?

A Kwangila ne babbar hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta wadda ta nufi Samaru da Shika har Funtuwa, don haka da wuya kayan da za su shiga gidajen Zariya su kauce wa wannan mahaɗa. Firji, injin wanki, na'urar sanyaya ɗaki, sababbi a kwali da na hannu da aka ɗaure da igiya a bayan a-kori-kura, duk ta nan suke bi. A 'yan shekarun nan wani baƙo ya fara shiga sahu, wato injin wanke kwanuka. Bai yawaita ba tukuna. Sai a otal, ko gidan wanda ya yi zaman Turai, ko cikin kayan ɗakin amaryar da iyayenta ke da hali. Amma ciwon da ke kwantar da shi shi ne dai wanda ke kwantar da injin wanki da firjin zamani: a danna maɓalli, fanel ya yi shiru, ko ya riƙa ƙyafta wasu haruffa da lambobi.

Injin da Josephine Cochrane ta yi wa rajista a Amurka a 1886, ta kuma baje shi a bikin baje kolin Chicago na 1893, ba shi da wannan matsala, domin ƙarfe ne da ruwa da matsi. Na yau kuwa yana ɗauke da 'yar ƙaramar kwamfuta a bayan maɓallansa, wadda masu gyara ke kira bod. Ita ke buɗe wa ruwa hanya, ta kunna hita, ta tayar da famfo, ta kuma tsayar da komai da zarar ta ji wani abu ba daidai ba. A nan ake yawan yin asara. Mai gida ya ga fanel na ƙyafta ido, mai gyara ya leƙa ya ce, "Alhaji, bod ɗin ya tafi, sai an sako wani daga Legas." A biya kuɗi masu yawa, a jira makonni, a ɗaura sabo, injin ya sake nuna lambar da ya nuna tun farko. An hukunta ɗan aike, mai laifin yana nan zaune.

Lambobin nan saƙo ne, kuma ma'anarsu tana cikin ɗan littafin da ke zuwa da injin. A injinan Bosch, E15 na nufin ruwa ya taru a ƙasan injin har ya ɗaga 'yar na'urar da ke gadin yoyo, E24 kuma ruwan datti ne ya kasa fita. A na LG, IE na nufin ruwa ba ya shigowa yadda ya kamata, OE kuma ba ya fita. Babu ɗaya cikin huɗun nan da ke cewa bod ya lalace. Hasali ma, bod ɗin da ya iya faɗin abin da ke damunsa yana raye.

Ɗauki maganar ruwa, wadda ta fi shafar mutanen Zariya. Gidaje da yawa sun dogara ne da rijiyar burtsatse da tankin da aka ɗora a kan ƙarfe, ba da ruwan famfon gwamnati ba. Ƙarfin ruwan tanki daga tsayinsa yake zuwa: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan ba 1 a ma'aunin matsi. Injinan Turai da dama suna buƙatar aƙalla rabin ba, wato tanki mai tsayin mita 5 sama da bakin injin. Tankin da ke kan mita 3 ba zai cika wannan sharaɗi ba, sai injin ya jira ruwa, ya gaji, ya tsaya ya nuna lamba. Ƙara da yashin rijiya da ke toshe 'yar ragar da ke bakin tiyo. Maganin wannan ɗan ƙaramin famfo ne na ƙara ƙarfi, ko ɗaga tanki, ko ma tsohon buroshin haƙori a wanke raga.

Ta ɓangaren fita kuwa, abincinmu ne. Ƙanzon tuwo, ƙwayar shinkafa, ƙayar kifi da daskararren manja suna cika matatar da ke ƙasan injin, wadda ake murɗewa da hannu a wanke. Sai kuma sabulu. Sabulun wannan inji na musamman ne, ba ya kumfa, yana da tsada, kuma ba kowane kanti ke da shi ba. Wanda ya zuba omo ko sabulun ruwa na wanke-wanke zai tara kumfa ta malala zuwa ƙasan injin, sai ga E15, famfo kuma ya yi ta kuka ba tsayawa.

Idan fanel ya yi ɗif, ko ƙyaftawa babu, nan ma ba a fara zargin bod. A gwada soket da wata na'ura, a duba fis ɗin filogi, a tabbatar ba makullin yara ne aka danna ba, a cire injin daga wuta na 'yan mintuna a mayar. Sai ƙofa: injin ba ya tashi sai makunnin da ke jikin sakata ya shaida cewa ta rufu. Kuma da yake a yawancin injinan fanel a jikin ƙofar yake, wayoyinsa suna bi ta wajen maɗaurin ƙofa, suna lanƙwashewa a duk buɗewa da rufewa har wata ta tsinke a cikin rigarta. Mitar auna wuta ce kaɗai ke tona wannan.

Amma fa bod yana mutuwa, kuma a nan yankin wuta ce babban ajalinsa. An ƙera injinan nan ne don bolt 230. A unguwannin da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, wutar dare takan sauka ƙasa sosai, har fanka ta riƙa juyi da ƙyar. Mafi muni shi ne tsinkewar wayar nutural a kan turke, domin a lokacin wutar da ke shiga wasu gidaje za ta iya hawa ta doshi bolt 400, ta ƙone duk abin da ke jone a cikin daƙiƙa kaɗan. Lokacin dawowar wuta ma yana da haɗari. Mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoban 2024 ba, sa'ad da lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar layin Ugwuaji zuwa Apir suka bar jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. A irin wannan hali kowa kan koma janareto, alhali hitar injin wanke kwanuka kaɗai tana jan kusan wat 2,000. Ƙaramin janareto zai shaƙe, wutarsa ta riƙa hawa da sauka, kuma bod ne ke sha. Akwai kuma injinan hannu da suka fito daga Amurka, inda ake amfani da bolt 120. Jona irin wannan kai tsaye a soket ɗin Zariya kisa ne nan take.

Ko a nan ɗin, abin da ya ƙone sau da yawa ƙarami ne. A bakin shigar wuta akwai fis da wani ɗan faifai mai suna barista, wanda aikinsa shi ne ya shanye wutar da ta wuce kima, ko da zai fashe. Akwai kafasita da ke kumbura saboda zafi da tsufa, da rile ɗin hita wanda dalmar ƙafarsa ke tsagewa. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan bod, laimar damina da tururin injin su jiƙa ta, kyankyasai su sami wurin ɗumi su shige, sai hanyoyin wuta su haɗe. Mai gyaran da ya iya karatun mita da riƙon dalma zai iya ceto irin wannan bod da kayan da kuɗinsu bai kai ko kusa da na sabo ba. Aikin dai ba na mai gida ba ne, domin kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare filogi.

Abin takaici shi ne, hannayen da za su yi wannan aiki suna nan. Yaran da ke gyaran waya da talabijin daga PZ zuwa Sabon Gari da Tudun Wada suna ɗaga abubuwan da suka fi na bod ɗin injin ƙanƙanta. Abin da suka rasa shi ne zanen da'irar wutar injin da kuma kayan canji na asali. A Tarayyar Turai, tun watan Maris na 2021 doka ta wajabta wa masu ƙera injin wanke kwanuka su tanadar wa masu gyara bod da sauran muhimman kaya na aƙalla shekara 7 bayan sun daina sayar da samfurin. Mai saye a Zariya ba shi da wannan gata. Garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, bai kamata ya rasa gajeren kwas na yamma da zai koya wa masu gyara karanta waɗannan lambobi da bin sawun wuta a kan bod ba.

Kafin a kai ga haka, nauyin yana kan mai saye. Ya karanta takardar da ke manne a gefen ƙofar injin ya ga bolt nawa aka rubuta, ya auna tsayin tankinsa, ya kuma sa kuɗin sitabilaiza mai ɗaukar hitar cikin lissafi, tare da 'yar na'urar nan da ke yanke wuta idan ta hau ko ta sauka, ta kuma jinkirta 'yan mintuna bayan an kawo ta. Idan mai gyara ya ce bod ya tafi, a tambaye shi abin da mita ta nuna a soket, da kuma abin da ya ƙone a kan bod ɗin, ya nuna shi da yatsa kafin a tura kuɗi Legas.