Kafin mu yanke wa makarantar gwamnati hukunci, mu leƙa cikin aji

'Yan uwa, duk shekara idan damina ta kama aka rufe makarantu, zance ɗaya ne ke yawo a ƙofar masallatai: makarantar unguwa kaza ta yi ƙoƙari, ta unguwa kaza kuwa ta ba da kunya. Daga nan mai hali ya ɗauke ɗansa ya kai shi makarantar kuɗi, maras hali ya ce boko ba ta da amfani, ya mai da yaro gona ko kasuwa. Hukuncin nan yakan tsaya ne a kan adadin waɗanda suka ci jarabawar ƙarshe, alhali adadin nan shi kaɗai ba ya nuna aikin da makaranta ta yi.

A Nijar karatun firamare shekara shida ne: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Mu ɗauka, a misali, yara 30 suka zauna jarabawa a CM2, 25 suka ci. Za a yi wa darekta barka. To amma yara nawa aka rubuta a CI shekara shida baya? In 90 ne, ina sauran 60? Wata an cire ta don talla ko aure, wani ya bi yayyensa ci-rani, wani ya maimaita aji har ya gaji ya daina zuwa. Makarantar da ta zubar da raunanan ɗalibanta a hanya, sakamakonta zai fi kyaun gani a kan wadda ta riƙe su har ƙarshe, kuma a wurinmu ta biyun ce ta fi riƙe amana.

Akwai wani awo da ya fi jarabawa faɗin gaskiya, shi ne binciken PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa. Yara ake zaunarwa a gwada ko sun iya karatu da lissafi. A 2014, cikin ƙasashe goma da aka auna, Nijar ce a ƙarshe: ko ɗaya cikin goma na 'yan CM2 bai kai matakin da ake so a karatu ba. A 2019 abin ya ɗaga zuwa kusan uku cikin goma. An ci gaba, sai dai har a lokacin yara bakwai cikin goma na gama shekara shida ba su fahimci abin da suke karantawa sosai ba.

Me ya jawo haka? Mu fara da harshe. Aji ɗaya a Yamai na iya haɗa Bahaushe, Bazabarme, Bafulatani da Buzu, kuma yawancinsu ba Faransanci ake yi a gidajensu ba. Ranar farko mushe zai tare su da harshen da ba su ji, ya ce su karanta da shi. Kaya biyu ke nan aka aza wa yaro ɗan shekara bakwai: koyon haɗa baƙi, da koyon baƙon harshe. Ɗan ma'aikaci da ya yi makarantar renon yara ya shigo da guzurinsa, ɗan manomi kuwa sai ya haddace sauti ba ma'ana. A binciken 2014 ɗin, Burundi, inda ake fara koyar da yara da harshensu na Kirundi, kusan takwas cikin goma na 'yan aji biyu sun kai matakin da ake so, ga shi kuwa ƙasar ba ta fi mu arziki ba. Mu ma mun san hanyar, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma doka a takarda ba ta buga littafi, ba ta horar da malami.

Wani abu da mu malaman addini muka fi kowa gani: da yawa daga cikin yaran nan almajiran makarantar allo ne, da asuba ko da yamma. Yaro ya san babbaƙu da farfaru, ya saba riƙe alƙalami, yana da hadda, amma a rajistar lakwal ana lissafa shi wanda bai san komai ba. Makarantun Faransanci da Larabci, da aka fara da ta Say a 1957, sun rage wannan ɓaraka, kuma su ne suka sa iyaye da dama suka yarda suka saki 'ya'yansu mata.

Sai kwanakin karatu. A takarda shekara na farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni. A azuzuwan zana kuwa sai an yi girbi an samu kara kafin a kafa aji, kuma ruwan farko da iska na iya tashinsa kafin lokaci. Ba mu manta ba, a 2021 gobara ta ci irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai cikin Afrilu, ta sake ci a Maraɗi cikin Nuwamba, kowanne karo yara wajen 20 ko fiye suka rasu. Allah Ya jiƙan su. A haɗa da yajin aikin malamai 'yan kwantiragi idan albashi ya makara, sai a ga wata tara sun koma ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Saboda haka idan za a auna makarantar unguwa, a je wurin darekta cikin mutunci a nemi sani: nawa aka rubuta a CI, nawa suka kai CM2, mata nawa ne a cikinsu, yara nawa ke raba littafi ɗaya, kuma ran nawa ga wata aka fara darasi na gaskiya. Kowace makarantar gwamnati na da kwamitin kula da ita da ƙungiyar iyayen yara, kuma zamansu a buɗe yake ga duk mai ɗa a ciki, limami ne ko ɗan kasuwa. A gida kuma gwajin ba ya cin ko dala: uba ko wa ya miƙa wa ɗan CE2 littafinsa ya karanta layi uku, sannan ya faɗi da Hausa ko Zabarmanci abin da ya karanta. In ya kasa, a sami malaminsa tun cikin watan Janairu, kada a jira Yuni.