Mai Yana Tsiyaya Daga Murfin Inji? Ga Magani

A gidajenmu da yawa, tsohuwar mota ita ce ƙafar iyali. Ita ke kai mu sujada ran Lahadi, ita ke kai hatsi kasuwa, ita kuma maƙwabta ke nema in naƙuda ta kama mace da tsakar dare. Peugeot 504 ta fito a Faransa a 1968, an kuma fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Masu irin wannan mota sun san wata cuta ta tsufa, wato tsiyayar baƙin mai daga murfin da ke saman inji.

Wannan murfi shi ke rufe bawul-bawul, inda mai ke fantsama muddin inji yana aiki. Tsakanin murfin da kan inji akwai gaskit na roba. Zafin shekara da shekaru yakan busar da shi ya tsage, sai mai ya sami hanya. Alamunsa su ne warin ƙonannen mai, da baƙar dauɗa a gefen inji, wani lokaci ma mai yakan cika ramin fulogi, inji ya riƙa tari.

Kada mu rena wannan tsiyaya. Injin 504 mai shan fetur wajen lita 4 kawai yake ɗauka. Idan mai ya ragu ba a lura ba, inji zai buga, gyaransa kuwa ya fi kuɗin gaskit nesa ba kusa ba. Man da ke ɗiga a kan bututun hayaƙi mai zafi kuma yana iya kama wuta.

Ga yadda ake gyara. A bar inji ya huce sarai. A wanke shi da kananzir, a tayar da shi, a tabbata daga murfin man ke fitowa. Sa'an nan a kwance murfin, a kankare tsohon gaskit duka, a kula kada guntu ya faɗa ciki. A ɗora murfin a kan shimfiɗaɗɗen tebur a ga ko bakinsa ya lanƙwashe. A goge fuskokin biyu su bushe, a sa sabon gaskit. Kada a lafta gam, gama abin da ya yi yawa yakan ɓalle ya toshe hanyar mai.

Wurin ɗaurewa ne mutane da yawa ke ɓata aiki. Suna tsammani ƙarfi shi ne magani, alhali matsewa fiye da kima ita ke lanƙwasa murfi ta murƙushe gaskit. A ɗaura noti kaɗan-kaɗan, bi da bi, har su zauna daidai. A duba robar da inji ke fitar da tururi ta cikinta, domin in ta toshe, sabon gaskit ma zai yi yoyo.

Tsohon mai kuwa a tara shi a galan, kada a zubar kusa da rijiya ko inda yara ke wasa.

'Yan'uwa, duk abin da ke hannunmu amana ce daga wurin Ubangiji. Maigida ya riƙa duba mai kowace Asabar, ya kira 'ya'yansa su gani su koya. Ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofarmu da dare saboda marar lafiya, bari a tarar da motar a shirye.