BABI NA UKU: KAYAN AIKIN MASU ƊAUKAR HOTO A GARIN WUDIL

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan kayan aikin da mai hoto yake zaɓa, da kuma dalilan da suke sa shi yin wannan zaɓi. Abin da ake son nunawa shi ne, mai hoton da ya riƙi sana'ar a matsayin hanyar cin abinci ba ya bin sabon yayi. Abubuwa uku yake dubawa: irin aikin da ake kawo masa, da yanayin garin da yake zaune, da kuma sauƙin samun gyara idan kaya suka lalace.

3.1 Ire-iren Aikin Hoto a Wudil

Wudil tana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano. Ta yi fice saboda kasuwarta mai ci ranar Juma'a, musamman karar shanu. Haka kuma akwai manyan makarantu biyu: Makarantar Horar da 'Yan Sanda ta Ƙasa, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda ta fara aiki a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022.

Ana iya kasa aikin mai hoto a garin gida uku. Na farko shi ne hoton fasfo na cike takardu. Na biyu shi ne hoton tarurrukan makaranta, kamar rantsar da sababbin ɗalibai da bikin yaye su. Na uku kuwa shi ne hoton bukukuwan al'ada, wato ɗaurin aure da kamu da suna da saukar Alƙur'ani da Sallah. Kashi na biyu da na uku sun fi nauyi, domin ba a maimaita su. Idan kyamara ta tsaya ana tsakiyar kamu, to mai hoto ya yi asarar kuɗin aiki, ya kuma zubar da mutuncinsa a unguwa.

3.2 Daga Fim Zuwa Dijital

Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, da fim ake ɗaukar hoto. Naɗi ɗaya yakan ɗauki hoto 24 ko 36, kuma ba a ganin abin da aka ɗauka sai an kai shi wanki. Saboda haka aka fi son kyamarori masu ƙwari irin su Yashica FX-3 da Pentax K1000, waɗanda suke ɗauka ko da batir ya mutu. Shigowar kyamarar dijital a shekarun 2000 ta kawar da wannan tsari, har kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya shahara da yin fim, ya bayyana karyewarsa a 2012.

3.3 Kyamara

Kyamarorin Canon da Nikon su ne suka fi yawa a hannun masu sana'ar, kuma galibi na hannu ne, ba sababbi ba. Misali, Nikon D3100 ta fito a 2010, Canon 600D kuma a 2011. Duk da tsufansu suna biyan buƙata, kuma ga dalili. Hoton da aka fi wankewa shi ne mai faɗin inci 4 da tsawon inci 6, wanda bai buƙaci fiye da megafiksel 2 da ɗan ɗoriya ba. Ita kuwa Canon 600D megafiksel 18 gare ta, wato ta isa har a fitar da hoton bango.

Bugu da ƙari, kowane kamfani yana da nasa bakin da ake ɗaura gilashi, kuma na Canon ba ya hawa kan Nikon. Don haka yaron da ya koyi aiki yakan sayi irin ta maigidansa, domin ya riƙa aron gilashi da batir, kuma idan ta lalace akwai masu gyara da kayan gyara a Kano. Sababbin kyamarori marasa madubi, irin waɗanda kamfanonin biyu suka fitar a 2018, sun fi sauƙin ɗauka, amma sun fi cin batir, ga kuma tsada, musamman bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

3.4 Gilashin Kyamara

Gilashin da ke gaban kyamara shi ne idonta. Wanda aka fi amfani da shi shi ne mai zuƙowa daga milimita 18 zuwa 55, domin yana ɗaukar taron jama'a a ƙofar gida, ya kuma matso da fuskar ango. Na biyu shi ne na milimita 50, wanda ba ya zuƙowa amma yana shigar da haske sosai, yana kuma dusashe abin da ke bayan mutum. Shi ya fi dacewa da hoton amarya a cikin ɗaki. Sai dai a lokacin hunturu ba a son yawan sauya gilashi a fili, domin ƙura takan shiga ciki ta bar ɗigo a kowane hoto.

3.5 Fitila da Batir

Fitilar da ake ɗaurawa a saman kyamara tana da amfani biyu. Na farko, yawancin bukukuwan mata a cikin gida ake yin su da yamma, lokacin da haske ya ragu. Na biyu, da tsakar rana farar babbar riga takan yaudari kyamara ta rage haske, sai fuska ta fito duhu. Fitila ce take haska fuskar ba tare da rigar ta ƙone ba. Har ila yau, rashin tsayayyiyar wutar lantarki ya sa dole a tanadi batir fiye da ɗaya, da memori na biyu, da janareta ko sola a situdiyo.

3.6 Firinta

Yaɗuwar waya mai kyamara ta ƙwace wa masu hoto aikin yau da kullum. Abin da ya rage musu shi ne hoton da ake riƙewa a hannu. Shi ya sa ƙaramar firinta irin Canon Selphy, wadda ake iya haɗa ta da batir, ta zama jari, domin ana wanke hoto a miƙa a wurin taro kafin baƙi su watse. Manyan hotuna da albam kuwa, sau da yawa Kano ake kai su.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa zaɓin kaya ya dogara ne a kan aiki da yanayi da gyara. Tsohuwar kyamara mai gilashi mai kyau da fitila da batir biyu ta fi wa mai hoton Wudil amfani a kan sabuwar da babu mai gyara ta. Babi na gaba zai duba yadda ake koyon sana'ar.