Manhajar Tsara Tafiya Daga Jos: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Kafin a Gina Ta

Wanda zai tashi daga unguwar Nasarawa Gwom da ke Jos zuwa Kano tun da daddare yake fara tafiyar, da kiran waya. Nawa ne kuɗin mota yanzu? Ƙarfe nawa motar farko ke cika a tashar Bauchi Road? Ta Saminaka da dajin Falgore za a bi, kuma hanyar lafiya take? Amsoshin suna bakin direbobi da 'yan kamasho da wanda ya dawo jiya. Jos kuwa ba ta rasa matasa masu rubuta manhaja ba: ga ɗaliban Jami'ar Jos, ga cibiyar nHub da aka buɗe a 2015. Saboda haka tunanin tattara waɗannan amsoshi cikin wayar hannu tunani ne mai kyau. Inda ake faɗuwa shi ne a yi gaggawar gini kafin a gwada abin a hannun fasinja.

Mene ne samfurin gwaji?

Kwaikwayon manhaja ne, ba ita kanta ba. Kamar yadda tela mai hankali ke fara yanka a takarda kafin almakashinsa ya taɓa shadda, haka mai tsara manhaja ke zana fuskokinta tukuna: nan za a rubuta inda za a je, nan kuɗin mota zai fito, nan ne maɓallin kiran tasha. Matakin farko biro ne da takarda, kowace fuska a falle guda. Mutum ya ɗora yatsa a kan zanen maɓalli, mai gwajin ya ɗauke fallen ya ajiye na gaba. Mataki na biyu a kwamfuta ake yinsa, da irin su Figma, inda ake haɗa zanen ya riƙa motsi a waya kamar gaske alhali babu komai a bayansa.

Amfaninsa araha. Gyaran takarda minti biyar ne; gyaran manhajar da aka gama rubutawa sai ya ci makonni da kuɗin da babu su.

Motarmu ba ta tashi da agogo

Nan ne gizo ke saƙar. Yawancin manhajojin tafiya na duniya an gina su ne a kan jadawali. Ma'aunin bayanan sufuri da ake kira GTFS, wanda Google da hukumar sufurin birnin Portland na Amurka suka faro a 2005, yana ɗauka cewa kowace mota tana da lokacin tashi da tabbatattun wuraren tsayawa. A tashoshinmu mota tana tashi ne idan ta cika. Kuɗin ma ba a rubuce yake a dutse ba: ya yi tsalle bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, yana hawa a jajiberin Sallah da Kirsimeti, kuma mai buhun dankali biyu ba daidai yake da mai jaka a cinya ba.

Don haka fuskar da ta rubuta "Tashi: 7:30" ƙarya ta yi wa mutum tun daga farko, ko da zanenta ya burge. Abin da fasinja ke son sani shi ne saura mutum nawa a cika, motoci nawa ne a layi, kuma yaushe aka sabunta wannan farashi. Farashin da ba a rubuta ranarsa ba, gara ma a ce babu shi.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A Nairobi, ɗaliban jami'ar birnin, da haɗin gwiwar Jami'ar Columbia da MIT, sun shiga ƙananan motocin haya da ake kira matatu da wayoyi a hannu suna ɗaukar hanyoyinsu da wuraren da suke tsayawa. A 2014 suka fitar da taswirar, kuma sai da suka lanƙwasa ma'aunin GTFS kafin ya ɗauki sufurin da ba shi da jadawali. Wanda zai yi irin wannan a Jos shi ma sai ya hau keke napep daga Nasarawa Gwom zuwa Terminus, daga can zuwa Farin Gada ko Bukuru, ya ga inda ake sauka da inda ake canza abin hawa. Motocin Tin City Metro da gwamnatin Filato ta fito da su a 2024 suna da hanyoyi sanannu, su ne mafi sauƙin sakawa. Amma su kaɗai ba sa kai mutum ƙofar gida.

Akwai kuma kwatance. Mu ba da lambar gida muke gane wuri ba, sai dai "bayan masallaci", "kusa da gidan mai", "daidai mahaɗa". Akwatin bincike dole ya karɓi irin wannan, ya kuma gane unguwa ko an rubuta ta Nasarawa Gwom ko Nassarawa Gwong, kada ya jefa mutum jihar Nasarawa ko Nasarawa ta Kano.

Wayar da za a gwada a kanta

Ba wayar mai zanen ba. A nemi Itel ko tsohuwar Tecno mai tsagaggen gilashi, wadda hotuna da bidiyon WhatsApp suka cika wa ciki, cajinta ya kusa ƙarewa. A fita da ita rana a ga ko rubutun na karantuwa. A kashe data a ga abin da ya saura, domin akwai wurare a hanyar Jos zuwa Kano da sabis ke ɗaukewa. Lambar direba da sunan tashar sauka ya kamata su zauna a wayar ko babu intanet.

Yadda ake zaman gwaji

Ba taron jama'a ake bukata ba. Masanin nan Jakob Nielsen ya nuna a rubutunsa na 2000 cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja, kuma gara a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Sharaɗinsa shi ne mutanen su zama masu bukata iri guda. A Nasarawa Gwom kuwa matafiya kala-kala ne: ɗan kasuwa mai aika kayan gwari daga Farin Gada, ɗalibar da za ta koma makaranta a Bauchi, dattijuwar da za ta biki Zariya wadda jikanta ke danna mata waya. Kowane rukuni da nasa zaman.

Ba a tambayar mutum ko abin ya yi masa kyau. Aiki ake ba shi: "Hajiya, a ce jibi za ku Zariya da jikoki biyu da buhu ɗaya. Ku duba mana nawa za ku riƙe." Daga nan mai gwajin ya kama bakinsa, wani a gefe yana rubuta abin da ya gani. Ana roƙonta ta riƙa faɗin abin da ke ranta yayin da take dannawa. A duba yatsanta. Idan ya tsaya yana shawagi a kan hoton gilashin bincike bai sauka ba, alamar ba ta gaya mata komai ba. Idan ta danna maɓallin baya sau uku, ta ɓata. Idan ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, ina wurin da zan yi magana?" to ta faɗi abin da babu a zanen: ita da saƙon murya ta saba, ba rubutu ba.

Mafi wuya shi ne haƙurin ƙin taimakawa. Da zarar ka nuna mata inda za ta danna, gwajin ya lalace, don ranar tafiyarta ba ka nan.

Kara da kunya

Mutanenmu ba sa kushe aikin mutum a gaban idonsa. Dattijo zai sha wuya da manhaja minti goma, ya miƙo wayar ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai, Allah ya sa albarka." Addu'ar a karɓa da amin, amma kada a rubuta ta a matsayin sakamako. Abin da hannu ya yi ake rubutawa. Yana taimakawa a faɗa tun farko, "Baba, ba ku muke gwadawa ba, wayar muke gwadawa," kuma a sa wani dabam ya jagoranci zaman, ba wanda ya yi zanen ba. Gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, a tura mace. In ba haka ba za a gina manhaja da ra'ayin maza zalla. Sannan Hausa a Jos harshen kasuwa ne na kowa, da Birom da Afizere da Anaguta da Angas, saboda haka a gwada kalmomin da su ma, a bar wa mai so zaɓin Turanci.

Hanya mafi kusa ba ita ce kullum ake bi ba

Taswira nisa take aunawa. Mutumin Jos yana auna wani abu dabam. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da Janairun 2010 sun bar garin da unguwannin da kowane ɓangare ke taka-tsantsan da su idan hankali ya tashi, kuma kisan matafiya a hanyar Rukuba a Agustan 2021 ya jawo dokar hana fita ta sa'o'i 24 a Jos ta Arewa. Manhajar da ba ta san da dokar hana fita ba tana iya jefa baƙo cikin haɗari. A ganina, haɗari na biyu ya kai na farko: idan aka buɗe wa kowa ya rubuta "hanya ba lafiya" ba tare da tantancewa ba, an gina injin yaɗa jita-jita a garin da jita-jita ta sha cin rai. Duk gargaɗi ya zo da tushensa da lokacinsa, kuma a gwada yadda mutane ke fahimtarsa kafin a sake shi.

Bayanan matafiyi ma amana ne. Wanda ya san ranar tafiyarka ya san ranar da gidanka ba kowa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta a sami hujjar doka kafin a tattara bayanan mutum, kuma kada a karɓi fiye da abin da aikin ke bukata. Ko a zaman gwaji, ba a ɗaukar murya ko hoto sai da izini.

Wa zai riƙa saka bayanan?

Samfurin yana iya cin kowane gwaji da fasinja amma manhajar ta mutu cikin wata guda, idan babu mai gaya mata cewa saura kujera uku. Wannan labari yana hannun 'yan ƙungiyar direbobi ta NURTW da 'yan kamasho, masu cin abinci da lodin nan. Su ma masu amfani da manhajar ne, kuma fuskarsu tana bukatar nata gwajin: a tsaye, cikin hayaniyar tasha, hannu ɗaya riƙe da kuɗi da takardar sunayen fasinja. Idan sabunta adadin kujeru ya wuce danna biyu, ɗan kamasho ba zai yi ba. Idan kuma ya ga alamar manhajar za ta raba shi da kamashonsa, ko danna ɗaya ba zai yi ba, don haka zama da shugabannin tasha yana cikin aikin zane tun ranar farko.