BABBAN MASAUKIN BAKIN RUWA A IKKO

Labarin da Daurawa suka gada daga kakanni ya nuna cewa tarihin garin ya juya ne ran da wani baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya roƙi ruwa. Ba ta tambaye shi ko anini ba, ta dai gaya masa rijiyar Kusugu ba ta ɗibuwa sai ran Jumma'a saboda macijiya. Sauran labarin Bayajidda kowane ɗan makaranta ya san shi. Mutumin da ya tashi a kan wannan al'ada, in aiki ya kai shi Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000, zai tarar da wani irin karɓar baƙo dabam, wanda kome nasa da kuɗi ne, daga shimfiɗa har ruwan sha. Malaman ofis da na makaranta su ne aka fi aikawa taro ko kwas, don haka ya kamata su san yadda abin yake tun kafin su ɗaura kaya.

ASALIN GIDAN

Cikin manyan masaukan Ikko da wuya a sami wanda ya kai Federal Palace tarihi. Yana tsibirin Victoria, a kan titin da ke ɗauke da sunan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Kamfanin A. G. Leventis ne ya gina shi, aka buɗe shi a shekarar 1960, daidai lokacin da ake shirin sauke manyan baƙin bikin mulkin kai. A ran 1 ga Oktoba na wannan shekara Nijeriya ta karɓi mulkinta, Gimbiya Alexandra ta wakilci Sarauniyar Ingila, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Firayim Minista, a Daura kuwa Sarki Abdurrahman ke kan gado. Masu otal ɗin har yau suna alfahari da cewa a ɗakin shawararsu aka sa hannu a takardar mulkin kan.

A 1964 Gwamnatin Tarayya ta karɓi gidan, a 1977 ya sauke baƙin bikin al'adun baƙar fata da ake kira FESTAC. Bayan da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991, sai ya koma hannun 'yan kasuwa. Wani abin da zai sa mai hankali ya yi shiru shi ne, ɗakin shawarar nan mai tarihi daga baya ya zama wani sashe na gidan caca. Duniya ke nan, rawar 'yan mata.

GANI YA KORI JI

Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ko gulbin damina ba, lalle zai daɗe a tsaye bayan gidan. Ta gabansa jiragen ruwa na kaya ke wucewa zuwa tashar Apapa, kowane ɗaya ya fi unguwa guda tsawo, iska kuwa mai laima ce, da ƙanshin gishiri, ba irin busasshiyar iskarmu ta hunturu ba. Tsohon bakin tekun nan na Bar Beach da ke kusa, wanda iyayenmu ke ba da labarinsa, yanzu babu shi. An cike wurin da yashi, ana gina sabuwar unguwa mai suna Eko Atlantic.

A TEBURIN ABINCI

A nan ne baƙo ya fi shiga ruɗu. A manyan masaukan Ikko akan jera abinci cikin tasoshi masu murfi, kowa ya ɗauki faranti ya zuba da kansa: dafa-duka, sakwara da miyar agushi, farfesun kifi, soyayyar ayaba, jatan lande, da abincin Turawa iri iri. Ba a hana mutum ƙari ba, saboda haka babu dalilin tula faranti kamar mai guzurin Hajji. A ɗiba kaɗan, a ɗanɗana, sa'an nan a koma. Cikin da ya saba da tuwon dawa da miyar kuka ba ya son a yi masa gaggawa da abincin teku.

Cokula da wuƙaƙe da aka jera gefen faranti, ƙa'idarsu ɗaya ce: a fara da na waje, a bi su zuwa ciki. Bature yakan riƙe cokali mai yatsu da hagu, amma ba wanda zai tsawata wa Musulmi don ya yanka namansa tukuna, ya ajiye wuƙa, ya ci da dama. Haka kuma babu abin kunya in ya kira mai hidima ya tambaye shi ko da naman alade ko giya a cikin girkin, gama Turawa sukan sa giya a miya da kayan zaƙi. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya yi shiru don kada a ce masa baƙauye, ya sayar da addininsa da araha.

RANAR BIYA

Kuɗin da aka rubuta a takardar abinci sau da yawa ba shi ne ƙarshen magana ba. Tun 2020 harajin saye na Tarayya kashi 7.5 ne cikin 100, Jihar Legas kuma ta kafa nata na otal da gidajen abinci, kashi 5, a 2009, ga kuma ladan hidima da akan ɗora. Ma'aikaci ya tambaya tun a bakin ƙofa: me wanda ya gayyace shi zai biya, me kuma zai faɗo kansa? Lemon da ke cikin firjin ɗaki da wankin riga duk ana rubutawa.

Tun zamanin En'e, kafin a maye ta da ƙananan hukumomi a 1976, abin da ya fi kayar da malamin ofis shi ne rayuwar da ta fi albashinsa, har hannu ya kai ga kuɗin baitulmali. Kwana uku a gidan alfarma ba su taka kara sun karya ba in aka gwada su da sunan da mutum ya yi shekara talatin yana tsarewa. Daidai ruwa daidai tsaki.

ABIN DA ZA A KAWO GIDA

Akwai darasi a gidan ga mai lura: tsabtar ɗaki da madafa, tsare lokaci, da yadda ake rubuta kowane kwabo. Masu gidajen saukar baƙi a Daura, inda ake cika maƙil lokacin hawan Salla da Sallar Gani, za su amfana da waɗannan. Amma kada a manta da abin da Ayana ta ba baƙonta tun ba a san otal ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa ba a taɓa sa ta a takardar biya ba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su da mutuncinsu, amin.