In Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi

Jama'a manoma, ga rani ya kama, masu lambu duk sun koma fadama. A da, da jigo kakanninmu suke ɗebo ruwa. Amma tun cikin shekarun 1980 ƙananan injuna masu shan fetur suka soma maye gurbinsa, sa'an nan shirin Fadama da gwamnati ta kafa da taimakon Bankin Duniya a farkon shekarun 1990 ya ƙara baza su. Yau daga Haɗeja har Aliero, da injin ake shayar da albasa da tumatir. To, jigo dai ba ya ƙin tashi, inji kuwa yakan ƙi, kuma wanda dashensa ya kwana uku bai sha ruwa ba ya san irin hasarar da ya yi.

Abin da muke so mu nuna shi ne, yawancin ciwon injin nan ƙarami ne, manomi yana iya maganinsa a bakin rijiya. Cikinsa ɗaya ne da na injin yankan ciyawa da ake gani a makarantu da filayen ƙwallo, saboda haka mai wancan ma sai ya saurara. Abu uku inji yake bukata kafin ya tashi: fetur, da iska, da wuta. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya, kada a yi ta fizgar igiya har kafaɗa ta yi ciwo.

Da fari a duba fetur. Akwai shi a tanki? An buɗe makunni da famfon mai? An ja cok, in injin ya yi sanyi? In duk an yi, sai a tuna yaushe aka zuba man. Fetur ba ya son ajiya. In ya yi wata ɗaya ko biyu a tanki sai ya soma lalacewa, ya bar danƙo wanda yake toshe 'yar ƙofar da mai yake bi cikin kafireta. Shi ya sa injin da aka jingine tun damina yake gardama. Haka nan man kwalba na bakin hanya, wani lokaci da ruwa ko kananzir a cikinsa. A ƙarƙashin kafireta akwai ɗan kofi mai noti. A kwance shi, a tsiyaye abin da ke ciki a kwalba. Ruwa ya fi fetur nauyi, in akwai shi za a gan shi kwance a ƙasa. A zubar, a wanke, a zuba sabo.

Na biyu iska. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gāba. In matatar iska ta toshe, injin zai riƙa fid da baƙin hayaƙi, ya sha mai da yawa, ƙarfi kuwa babu. In ta soso ce a wanke da ruwan sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. In ta takarda ce a kakkaɓe ta kurum, kada ruwa ya taɓa ta. Wanda ya cire matata ya yar, wai don inji ya sha iska, ya sani yashi yake ɗura wa fistin.

Na uku wuta. A kwance fulogi a duba bakinsa. In ya jiƙe, mai ya yi yawa, sai a shanya shi, a ja igiya sau biyar ko shida kafin a mayar. In ya yi baƙi, a goge da burushin waya. A irin injin Honda GX160 tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Sa'an nan a sa masa hularsa, a jingina shi da ƙarfen injin nesa da fetur, a ja igiya. In ba a ga tartsatsi ba a gwada sabo. Mai hankali ba ya zuwa fadama ba fulogi na biyu a aljihu.

Sauran baƙin mai. Waɗansu injuna an yi musu wata dabara, in mai ya yi ƙasa sai su kashe kansu. Kada a yanke wayar nan, gama da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. GX160 wajen lita 0.6 yake ci. Sabo a juye masa bayan aikin awa 20, daga nan kowace awa 100. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa alama ce inji yana ƙona baƙin mai, ko an cika shi ya wuce ƙima, ko ringi ya cinye.

In injin yana gudu amma ruwa ba ya fitowa, laifin ba nasa ba ne. A cika cikin famfo da ruwa kafin a tayar, domin in ya yi gudu a bushe robar da ke tare ruwa za ta ƙone. A duba mesa ko tana shaƙar iska. A kuma sani, irin wannan famfo ba ya jawo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 8.

Gargaɗi biyu. Kada a tayar da inji cikin ɗaki ko cikin rijiya, hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kashe mutum. Mai injin ciyawa kuma ya cire hular fulogi kafin ya kai hannu wajen wuƙa.

In an bi duk wannan bai tashi ba, ko igiya ta zo sakwaf ba nauyi, to, matsi ya tafi, aikin ya zama na bakanike. Ranar da aka gama aikin rani kuma, a tsiyaye fetur ƙaf daga tanki da kafireta kafin a ajiye, don baɗi a huta. Allah ya ba mu amfani mai albarka, amin.